Nutso Yake Yi, Ba Nutsewa Ya Yi Ba

Moss Side,
Manchester.
12 ga Yuli.

Zuwa ga Yaya Hajo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Alhaji da yara da duk wanda ke cikin gidan. Yaya ƙafar Inna, tana iya takawa zuwa ƙofar gida yanzu? Yaya damina a Yauri? Yaya kuma ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan wanda muka rasa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa in tamu ta zo mu cika da imani.

Mu nan muna lafiya gwargwadon hali. Na fita takaba makonni biyu da suka wuce. Matan masallacinmu na Old Trafford sun yi mini karar da ba zan manta ba, sun zo da abinci har muka rasa inda za mu sa shi. Na koma aikina a kicin ɗin makarantar yara. 'Yarmu Khaulat ta gama jarrabawa, tana jiran sakamako a watan gobe. Ta rame, amma tana cin abinci, kuma ta fara fita wurin ƙawayenta. Yanzu rana ba ta faɗuwa a nan sai wajen ƙarfe tara da rabi, yinin ya yi tsawo ga wanda ba shi da abokin hira.

Yaya, na ji saƙonki na murya. Sau uku na saurare shi. Na ɗauki waya zan mayar da amsa, na ga in na buɗe baki kuka zai riga magana fitowa, shi ya sa na zauna na ɗauki biro. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san ban yi nisa a boko ba. Kin ce an nuna muku hoton ƙaninki a waya, yana cikin baƙaƙen kayan roba a bakin jirgin ruwa, an rubuta a ƙasa cewa nutsewarsa ce ta ƙarshe. Kin ce Inna ta gani da idonta, shi ya sa ta daina ɗaukar wayata. Kin ce mutane na cewa ruwa ne ya ci shi na ɓoye muku, na ce a asibiti ya cika. Duk wannan zan iya ɗauka. Abin da ya hana ni sukuni shi ne maganarki ta ƙarshe, cewa Inna ta ce yafiyar da ta yi masa ta waya ranar jana'iza, ta yi ta ne ga ɗan da ya mutu a kan gado, ba ga wanda ya tsallake maganarta ba. Don wannan maganar nake rubuto miki.

Zan fara da abin da ba gaskiya ba. Ƙaninki bai mutu a ruwa ba, Allah ne shaidata. Ranar Talata ce, sha takwas ga Fabrairu. Ya karya kumallo, yana tsaye a kicin yana neman makullin kekensa, sai ya ce mini kansa na sara kamar an buga masa taɓarya. Ya zauna a ƙasa, ya jingina da firij, daga nan maganarsa ta fara harɗewa. Khaulat ce ta kira motar asibiti. Likitoci suka ce jijiya ce ta fashe a kansa, hawan jinin nan da likitanmu na unguwa ya daɗe yana yi masa faɗa a kai. Bayan la'asar ya cika, hannunsa a cikin nawa. Malam Nuru, abokinsa ɗan Birnin Kebbi, shi da wasu mutum biyu suka yi masa wanka, aka yi masa salla, aka kai shi maƙabarta. A ƙasa yake kwance, Yaya, ƙasa busasshiya, fuskarsa na kallon alƙibla. Bas ɗaya ke kai ni wurin.

Hoton da kuka gani an ɗauke shi ne a watan Satumba, wata biyar kafin rasuwarsa. Abokansa ne suka sa shi a intanet bayan ya rasu, don su tuna da shi. Suka rubuta sunansa, Abdussalam, ki gafarce ni na kama sunan, haka yake a rubuce, sannan suka sa kalma biyu na Turanci, last dive. Khaulat ta duba mini, ta ce abin da suke nufi shi ne nutsonsa na ƙarshe. Waya ce ta juya muku shi da Hausa ta ce nutsewa ta ƙarshe, sai ka ce mutum na nutsewa sau biyu. Ke 'yar bakin kogi ce, kin fi ni sanin bambancin. Mai nutso da ƙafarsa yake shiga, da ƙafarsa yake fitowa. Wanda ya nutse ɗauko shi ake yi, in an same shi.

To, yanzu ga abin da yake gaskiya, kuma shi ya fi nauyi. Yana nutso. Shekara tara yana yi, a cikin teku, kuma na sani. Ba zan wanke kaina ba. Ranakun Asabar da Inna kan kira ta tambaye shi, in ce mata ya tafi aiki, a shekarar farko gaskiya nake faɗa, daga baya kuwa ba gaskiya ba ce. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, ga shi na zo ƙarshensa ni kaɗai, wanda muka haƙa tare ya tafi.

Maganar Inna ba a ɓoye mini take ba. Tun muna sabon aure ya ba ni labarin ɗan'uwanku Yaya Zayd, yadda kwalekwale ya kife da su suna dawowa daga cin kasuwa a ƙetaren kogi, aka yi kwana bakwai masunta na nema ba a ga gawarsa ba, ba a ga ko jirgin ba. Ya ce shi lokacin yana ɗan shekara goma sha ɗaya. Ya ce ranar sadakar bakwai Inna ta tara ku a tsakar gida ta ce duk ɗanta da ya sake shiga ruwan da ya wuce gwiwa, ba ta yafe ba. Ke kina wurin, ni labari aka ba ni. Ya riƙe maganar nan shekara da shekaru. Ɗan Yauri ne amma ko kwalekwale ba ya shiga, kin sani.

Yadda abin ya fara, ta wurin aiki ne. Kin san karatun da ya kawo mu nan, na yadda ƙarfe ke tsatsa a ruwan gishiri. Da farko a ɗakin gwaji yake yi, da 'yan guntayen ƙarafa a cikin kwalabe. Bayan ya gama digiri aka ɗauke shi aiki, sai aka ce ana son wanda zai riƙa sauka ya duba tsofaffin jiragen da ke ƙasan teku. Ƙasar nan ruwa ne ya kewaye ta, kuma bakin tekunsu cike yake da jiragen da suka nutse, wasu a yaƙi, wasu a guguwa. Akwai ma wanda da gangan suka nutsar. Sun ɗauki tsohon jirgin soja da ya gama aiki, suka wanke shi, suka cire mai da duk abin da zai ɓata ruwa, suka huda masa ƙofofi, suka kai shi kusa da gaɓa a can kudu wajen Plymouth suka nutsar da shi, don kifaye su samu gida, masu nutso su samu wurin zuwa. Ranar da ya gaya mini haka na ce lallai mutanen nan sun ƙoshi. Ya yi dariya ya ce ai Baba ma yakan jefa rassan itace a ruwa don kifi ya taru, nasu reshen ne dai ya fi girma.

Ya yi wata biyu yana juya maganar kafin ya amsa. Ya ce zai yi na shekara ɗaya, aikin na ƙarewa ya bari. Aikin ya ƙare, shi bai bari ba. Mun yi faɗa a kan wannan fiye da duk abin da muka taɓa yin faɗa a kai. Na ce masa ya ji tsoron bakin uwa. Na ce in ba zai bari ba, to ya gaya mata. Kullum amsarsa ɗaya, wai ba maganar waya ba ce, sai ya je gida ya durƙusa a gabanta. Sau biyu ya je gida a cikin shekarun nan, sau biyu ya dawo ya ce ya ga yadda ta tsufa, bakinsa ya yi nauyi. Wata rana ya dawo daga teku, leɓensa duk ya yi shuɗi don sanyi, na tambaye shi me yake samu a can da ba ya samu a gidansa. Ya ce nutsuwa. Ya ce in duba, nutso da nutsuwa 'yan gida ɗaya ne. Na ce masa nutsewa ma a gidan take, ita ce babbar yayarsu. Ya ɗauki shayinsa ya sha. Ban sake tambayarsa ba, kuma yanzu ina da-na-sanin hakan, don ashe amsar ta fi wadda ya ba ni tsawo.

Kayan nutsonsa ba su taɓa kwana a gidanmu ba. Gidan ƙarami ne, kuma ɗalibai 'yan gida ba sa rabuwa da mu, yana tsoron wani ya gani labari ya kai Yauri. A Birmingham yake ajiye su, a garejin abokin nutsonsa. Su a ƙa'idarsu mutum ba ya sauka shi kaɗai, biyu-biyu ake yi, kowa na lura da iskar ɗan'uwansa. Nasa abokin sunansa Nyam, mutumin Jos ne, Kirista, yana gyaran na'urar ɗumama gidaje. Na san shi sama-sama, ya zo jana'iza ya tsaya daga nesa hularsa a hannu. Da na fita takaba, matarsa Justina ta kira ni ta ce kayan na nan, ba sa son su taɓa sai na zo na gani. Ranar Asabar da ta wuce muka shiga jirgin ƙasa ni da Khaulat. Ita ce fitata ta farko daga Manchester tun rasuwar.

Sun karɓe mu kamar 'yan'uwa. Justina ta yi mana gwaten acca, ta ce ta san bakin mai takaba ya gaji da shinkafar mutane. Nyam ya ba mu labarin haɗuwarsu. Ya ce a wani tsohon ramin fasa dutse da ruwa ya cika ake koya musu, ranar farko ruwan kamar ƙanƙara, sai ya ji wani a gefensa ya ce wayyo Allah sanyi da Hausa. Shi kuma ya juya ya ce masa sannu Malam, yaya iyali. Ya ce tun daga ranar ba su rabu ba. Yana kiransa Sarkin Ruwan Moss Side, shi kuma ƙaninki yana ce masa ɗan kan dutse wanda bai san ruwa ba sai na kududdufin kuza. Ya ce Turawan ƙungiyarsu har mamaki suke, mutum biyu daga garuruwan da ba teku, suna zaune a birane biyu da ba teku, su yi tuƙin awa huɗu ko biyar don su shiga ruwan sanyi na minti arba'in.

Ya buɗe garejin. Ga rigar robar a rataye, hannuwanta a sake. Ga tulun iska guda biyu, ga takalman nan masu kama da ƙafar agwagwa, ga dalmar da suke ɗaurawa a ƙugu don su sauka. Khaulat ta ɗauki gilashin fuskarsa ta riƙe, ba ta ajiye ba har muka taho. Sai Nyam ya miƙo mini wani littafi mai shuɗin bango, ruwa ya sa gefensa ya kumbura. Ya ce kowane mai nutso na da irinsa, duk saukar da ka yi sai ka rubuta rana da wuri da zurfi da mintin da ka yi, abokinka ya sa hannu a ƙasa. Akwai kuma fili a kowane shafi inda mutum ke rubuta abin da ya gani. Ya ce Maman Khaulat, shekara tara nake sa hannu a ƙarƙashin rubutun da ban iya karantawa ba, na ɗauka addu'a ce, amma wani lokaci in ya rubuta yana kallona yana murmushi, ki duba mini ko zagina yake yi.

Na buɗe. Lambobin da Turanci suke, amma filin nan duk da ajami ya cika shi. Khaulat ta leƙo, tana iya haɗa baƙaƙen saboda Islamiyya, amma ba ta gane me suke cewa. Nyam da takardunsa, Justina da digirinta na jinya, duk suka zuba mini ido. Ni da ban wuce aji shida ba, ni kaɗai ce a garejin nan zan iya karantawa, don da ajami mahaifina yake rubuta wasiƙunsa, ni nake karanta masa amsa da idonsa ya raunana. Na duba shafin farko, na duba na biyu, na tsallaka tsakiya. Yaya, kowane shafi da kalma ɗaya ya fara. Inna.

Da ita yake magana. Duk abin da ya gani a ƙasa, ita yake ba labari, kuma da sunayen kifayen gida yake kwatanta mata. Ga kaɗan, na kwafo miki yadda ya rubuta. "Inna, yau na sauka a kan jirgin da aka nutsar da gangan. Ba a ganin ƙarfensa, wasu abubuwa sun tsiro a jikinsa farare da ruwan lemo kamar furen kabewa, amma dabbobi ne, in ka kai hannu sai su tsuke." Wani wurin ya ce, "Inna, akwai wani dogon kifi a cikin bututu, kansa kamar na tarwaɗa, jikinsa kamar yauni. Shekara uku ina samunsa a wuri ɗaya, ya zama mai unguwa." Wani wurin kuma, "Inna, yau ƙananan kifi kamar kawara sun kewaye ni har na daina ganin Nyam. Da Baba na nan da ya yi kukan rashin birginsa na kamun kifi." Na kuma samo wa Nyam abin da yake nema. Ya rubuta, "Inna, mun fito da wuri, ɗan kan dutse ya shanye iskarsa kamar kullum, ciki kamar randa." Da na karanta masa, ya yi dariya har ya riƙe ƙofar gareji, daga nan ya fita waje ya daɗe bai dawo ba.

A jirgin ƙasa muna dawowa na ci gaba da karatu. Na lura in jirgin da aka nutsar da gangan ne, rubutunsa da wasa yake. In kuwa wanda ya nutse da mutane ne, gajere yake yi. Ya ce a irin waɗannan ba a taɓa komai, ba a ɗaukar ko ƙusa, shi kuma yakan yi sallama a zuciyarsa in ya iso, kamar mai wuce maƙabarta. Akwai shafi ɗaya, a shekararsa ta biyu, daidai lokacin da ya kamata ya bari. Shi nake so ki karanta wa Inna a hankali. Sun sauka a kan wani ƙaramin jirgin masunta. Ya rubuta, "Inna, wannan tsawonsa bai fi na su Yaya Zayd ba. Tun ina yaro in na rufe ido ina ganinsa a wuri mai duhu, ruwa na jansa, shi kaɗai. Yau na zauna a gefen wannan na duba. Ba duhu ba ne. Haske na saukowa kore-kore daga sama. Ba ƙara, ba abin da ke jan kowa. Yashi ya rufe rabinsa a hankali, ƙananan kifi na shiga suna fita. Na san kogi daban teku daban, amma na ga ƙasan ruwa ma ƙasar Allah ce. Ina so ki sani, ban san yadda zan gaya miki ba."

Nyam ya gaya mini wani abu da ya haɗu da wannan. Ya ce in za su fito ba a tasowa kai tsaye, jini ba ya so. Sai an tsaya kusa da sama, a riƙe igiya minti uku, kafin a ƙarasa. Ya ce kowa a wurin agogonsa yake kallo, ƙaninki kuwa yatsunsa yake lanƙwasawa ɗaya bayan ɗaya a cikin safar roba. Da ya tambaye shi, ya ce masa addu'a yake wa wani yayansa. Nyam bai san labarin ba sai da na ba shi ranar.

Yanzu zan gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. Da muka iso gida na zauna da littafin nan kwana biyu, ina bin sa layi-layi, ina neman wuri ɗaya da ya rubuta Inna ki yafe mini. Na ce in na samu, shi ke nan, sai in aiko miki ki nuna mata, ga ɗanki ya roƙe ki da hannunsa. Shafi ɗari da tamanin da shida ne. Babu. Ko sau ɗaya bai rubuta ba. Shafin ƙarshe, na ranar da aka ɗauki hoton nan, cewa kawai ya yi ruwa ya gurɓace, bai ga komai ba sai igiya, kunnensa na hagu na ciwo. A ƙasan wannan akwai fili. Yaya, na ɗauki biro shuɗi irin nasa. Hannuna da nasa a ajami ba su da nisa, ba mai ganewa. Na ɗora bakin biron a kan takardar har ya yi ɗigo, za ki gan shi. Sai na tuna ƙarya ce ta kawo mu inda muke, kuma yafiyar da aka samo da ƙarya ban san ko za ta isa inda yake ba. Na ajiye.

Ban san dalilin da ya sa bai rubuta ba. Wataƙila yana ganin ba a neman gafarar uwa a takarda. Wataƙila yana ganin da sauran lokaci, kamar yadda dukkanmu muke gani. Ba zan ce bai yi laifi ba. Ya yi, ta faɗa ya tsallake, ni kuma na rufa masa. Inna ba ta faɗi maganar nan don ƙiyayya ba, ta faɗa ne don kada kogi ya sake yi mata abin da ya yi mata, kuma duk uwar da ta tsaya kwana bakwai a bakin ruwa tana da ikon faɗar abin da ya fi haka. Ni dai abin da na gani shi ne, mutumin nan bai taɓa sauka ƙasan teku ba, ko sau ɗaya, sai tare da ita.

Malam Nuru zai taho gida ranar ashirin ga wata, zai biyo ta Yauri ya kawo miki takardar nan da littafin. Khaulat ba ta so ba. Ta ce shi kaɗai ne abin da muke da shi da rubutun hannunsa mai yawa, mu aika hoto mu riƙe na ainihi. Na ce mata ba mu aka rubuta wa ba. Ta yi fushi na yini ɗaya, sannan ta zauna ta ɗauki hoton kowane shafi, ta ce in koya mata karantawa. Mun fara, muna shafi na tara.

Roƙona gare ki, Yaya, ke ce babba, ke kika san lokacin da ake iya yi wa Inna magana. Ki fara gaya mata ba ruwa ne ya ci shi ba, Malam Nuru na nan, shi ya yi masa wanka, ta tambaye shi duk abin da take so. Sannan ki gaya mata sauran, kada ki rage komai, har da nawa laifin. In ta yarda, ki karanta mata littafin, ko shafi ɗaya a rana. Idonta ba ya gani sosai, amma ki sa mata shi a hannu, ki nuna mata kalmar farko, za ta gane sunanta. Ba na roƙon ta ɗauki wayata. In ta ga dama ta yi shekara ba ta yi mini magana ba, na cancanta, kuma ina da rai, zan iya zuwa in durƙusa. Shi ne ba zai iya ba. Abin da bakinsa ya kasa faɗa sau biyu a gabanta, ni nake faɗa a madadinsa: Inna ta yafe masa, wannan karon tana sane da komai. In ta ce ba yanzu ba, kada ki matsa mata, kuma kada ki ɓoye mini don ki sanyaya mini rai. Ki gaya mini yadda ta faɗa, in sake roƙo.

Ki gaishe mini da Alhaji, da Nana A'isha da maigidanta, da Aminullahi da amaryarsa, da Gwaggo ta Tudun Wada, da duk waɗanda suka yi zaman makoki. Khaulat na gaishe ku, ta ce a gaya wa kakarta tana nan tana koyon tuwon shinkafa, har yanzu da gudaji. Nyam da Justina sun ce in miƙa ta'aziyyarsu ga Inna, ko da ba ta san su ba. Ita kuwa Inna, ki durƙusa mata a madadina, ki ce ina gaishe ta.

Allah Ya bar zumunci, Ya sa mu ji alheri.

Ni ce ƙanwarki, matar ƙaninki,
Ruƙayya.